Injiniyan da Bai Iya Gyara Fanka Ba

A wani hutun ƙaramar Sallah, cikin irin zafin nan da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa, fankar ɗakin mahaifiyata ta fito da sabon hali. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani ba ta motsa ba, sai an sa sanda an tura fiffikenta tukuna ta kama juyawa, shi ma a sanyaye kamar mai azumi. A gidan kuwa akwai ɗan ƙanwata, wanda a lokacin yake aji biyu a sashen injiniyan lantarki na wata jami'ar tarayya. Tun ranar da ya samu gurbin karatu sunansa na yanka ya ɓace, yara da manya Injiniya suke ce masa.

"Maigidan, zo ka duba mini fankar nan," in ji Hajiya, cikin wasan kaka da jika. "Ai abin da ka tafi koyo ke nan."

Ya zo ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Ya ce wutar da ke shigowa gida layi ɗaya ce, kuma layi ɗaya ba ya iya tayar da irin wannan injin da kansa. Shi ya sa aka naɗa waya kashi biyu a cikinsa, aka haɗa ɗaya da wani ɗan ƙaramin abu da ake kira kafasita, wanda ke sa wutar wannan naɗin ta riga ta ɗayan isowa, wannan 'yar tazarar ce ke ba fanka turin farko. Kafasitan ne ya mutu, sandar Hajiya ce ta karɓi aikinsa.

"Madalla. To hau ka gyara."

Nan fa aka yi shiru. Bai taɓa buɗe fanka ba a rayuwarsa. Aka aika yaro ya kira mai gyaran wuta na bakin titi, mutumin da bai gama sakandare ba. Ya hau kan turmi da filaya a baki, ya cire wani abu kamar ashana, ya maye shi da sabo, ya naɗe da salatif, kafin shayi ya huce fanka tana gudu. Da na tambaye shi me wannan abin yake yi a ciki, sai ya ce shi ne ƙarfin fankar. Hajiya ta dubi jikanta ta ce, "Ashe injiniyan baki na aura."

An yi dariya, ni ma na yi. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin su biyun nan kowa ya san rabin fankar ne, kuma tun daga lokacin na fara bin diddigin abin da ake koya wa yaran nan shekara biyar.

Lissafin abin da ido ba ya gani

Hanyar shiga sananniya ce. Ana son kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, da suka haɗa da Ingilishi, lissafi, fizis da kimistiri, kuma waɗannan huɗun ne ɗalibi zai zauna wa a jarrabawar JAMB. Mai difloma ta kwalejin fasaha ko wanda ya yi IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye. A Arewa, matsalar takan fara tun kafin nan, domin makarantun da ke da ƙwararren malamin fizis da na ƙarin lissafi ba su da yawa. Jihar Kano ta hango wannan tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma duk wanda ya san injiniyoyi da likitocin jihar ya san yawan waɗanda suka bi ta can.

Shekarar farko ba a ma fara injiniyanci ba, ana zaune ne aji ɗaya da ɗaliban kimiyya. A ta biyu ana haɗa duk masu injiniyanci, na gini da na injuna da na sinadarai da na lantarki, a koya musu zane, da ƙarfin ƙarafa, da yadda ruwa ke gudu a bututu, da ɗan aikin hannu na walda da fiƙe ƙarfe. A wannan matakin ɗan ƙanwata yake ranar fanka, wato bai ko shiga ɗakin ba, yana zaure.

Aji uku ne ke raba aya da tsakuwa. Mai injiniyan gini yana ganin gadarsa, mai injuna yana jin ƙarar injinsa ya san lafiyarsa. Mai lantarki ba ya ganin abin da yake aiki da shi, ranar da ya ji shi a jikinsa kuwa an riga an makara. Saboda haka idonsa lissafi ne. Zai fara da dokar Ohm ta 1827 da dokokin Kirchhoff, waɗanda ɗan sakandare ma ya sani, daga nan a jefa shi cikin wutar da ke kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, irin wadda ke cikin bangon gidajenmu. Ita wannan ba ta lissaftuwa cikin sauƙi sai da wata lamba da hankali ke ƙi da farko, lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ɗaya a ƙasa da sifili. Masu lissafi suna rubuta ta da harafin i, masu lantarki kuwa j suke sawa, don sun riga sun ba wa gudun wuta harafin i. Bayan ta ga Laplace, ga Fourier, ga lissafin Maxwell guda huɗu da suka ɗaure lantarki da maganaɗisu da haske wuri guda. Darasin nan na Maxwell shi ne dodon sashen a jami'o'i da dama, nan ake kwasar kari-oba, kuma nan wasu ke gane cewa son kwance rediyo da suka yi suna yara bai isa ya kai su gaci ba.

Mai karatu zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce? Ga misali ɗaya. Wutar da ke bin waya tana ɗumama ta, kuma wannan ɗumin asara ne. Asarar ba daidai take tafiya da yawan gudun wutar ba: in gudun ya ninka biyu, asara ta ninka huɗu. To ana iya aika ƙarfi iri ɗaya da ƙaramin gudu in aka ɗaga matsin wutar. Dalilin ke nan da ya sa wutar da ta baro Shiroro take tafiya a kan manyan turakun ƙarfe da bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000 a tashoshi irin na Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano, daga nan 33,000, sai 11,000, har taransifomar unguwa ta miƙo wa gida kusan 230. Duk wannan tsani a kan abin da Faraday ya gano a 1831 yake tsaye. Mai gyaran bakin titi yana iya shekara talatin yana hawa falwaya bai san dalilin ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba a ɗora masa zana layin ba.

(Af, abin da muke kira lo-karan, lokacin da ƙwan fitila ya koma kamar garwashi, matsin wutar ne ya faɗi. Gudun da injin firji ke ja a lokacin yakan ƙaru ne ma, shi ya sa yake ƙonewa. In kana son ka ga ɗalibin aji uku ya buɗe baki ba ya rufewa, faɗi lo-karan a gabansa.)

Daga aji huɗu hanya takan rabu. Wasu su bi ɓangaren wuta mai nauyi, wato samar da ita, dakonta, rarraba ta, da manyan injuna. Wasu su bi mai sauƙi, wato ƙananan na'urori da suka samo asali daga taransistan da aka ƙirƙira a Amurka a 1947, da sadarwa, da sarrafa injuna, da kwamfuta. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta gaji koyar da injiniyanci daga tsohuwar kwalejin Zariya lokacin da aka kafa ta a 1962, ta kai ga raba waɗannan fannoni zuwa sassa daban-daban. Wasu jami'o'in, daga Bayero a Kano zuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci da ta fasaha a Minna da ta Maiduguri, kowace da yadda ta yanka nata. Zuwan wayar salula a 2001 ya karkatar da hankalin ɗalibai da yawa zuwa sadarwa, kuma daga ajin koyarwa na wannan fannin a Bayero ne Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya je ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Inda gizo ke saƙar

A takarda, kowane darasi yana da gwajinsa. A zahiri, abin da ɗan ƙanwata ya riƙa ba ni labari daban ne. Na'urar da ke nuna siffar igiyar wuta a gilashi guda biyu ce ke aiki a ɗakin gwajinsu, ɗalibai kuwa sun haura ɗari. Sai a raba su rukuni-rukuni, mutum goma sha wani abu a kan tebur ɗaya, biyu su taɓa waya, ɗaya ya rubuta, sauran su leƙa ta kafaɗa. Wata rana an shirya komai sai a ɗauke wuta, kuma babu man janareta. Rahoton gwajin dai dole a miƙa shi ranar Litinin, don haka a nemo na 'yan ajin bara a kwafe lambobin. Ya ce mini, "Kawu, akwai gwajin da na ci maki takwas cikin goma, wallahi ban taɓa ganin injin yana juyawa ba."

Ban ga laifin malamai a nan ba sosai. Malamin da ke da aji uku da ɗalibai ɗari-ɗari, ga duba ayyukan kammalawa, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, in ya koyar da lissafin da kyau ya yi ƙoƙari, kuma da yawansu suna yi. Lissafi allo da alli kawai yake buƙata. Gwaji kuwa kuɗi yake ci kullum, kayan suna ƙonewa, suna tsufa, ana sayo su da dala. Shi ya sa karatun ya karkata inda ya fi araha. Ka ƙara da yajin aikin malaman jami'a: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekara biyar ta zama shida ko bakwai, kuma in aka dawo sai a matse zango a yi ta gudu, abin da ake fara yarwa a hanya kuwa shi ne gwajin.

Ɗaliban da suka farga sukan nemi hanyarsu. Littafin Theraja na lantarki da na Stroud na lissafi sun zama kamar gado, ana miƙa su daga aji zuwa aji har bangonsu ya cire. Mai kwamfuta yakan sa manhajar MATLAB ko Proteus ya haɗa da'irarsa a gilashi, ya ƙona ta sau goma ba asara. Wasu su haɗa kuɗi su sayi ɗan allon Arduino, su koyi liƙa dalma a ɗakin kwana. Akwai kuma masu wayon da na fi yaba wa, waɗanda in an tafi yajin aiki ba sa zama a gida, sai su tafi Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Sabon Gari, su durƙusa gaban mai gyaran waya ko mai naɗin kwayil su ce a koya musu. Yana da wuya ɗan jami'a ya yarda yaron shago ya aike shi sayen abinci, amma waɗanda suka haɗiye wannan sun fi kowa cin riba. A ɗaya gefen, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu sayen aikin kammalawa a kasuwa, a haɗa musu inbata ko fitilar kan hanya, su zo gaban malamai su kasa faɗin abin da ke cikin akwatin.

Ɗalibai mata ƙalilan ne a ajin, wani lokaci ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, kuma har yanzu akwai iyayen da ke ɗauka aikin hawa falwaya ne. Mafi yawan aikin a kan tebur ake yin sa.

Gadar da aka gina don haɗa aji da fili ita ce SIWES, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara a 1973. Ɗalibin aji huɗu yakan bar makaranta wata shida ya je masana'anta. Amma ina masana'antun? Wanda ya san Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Bomfai da Challawa a Kano, a shekarun da masaƙu ke aiki dare da rana, ya san wuraren da za su karɓi ɗalibi sun ragu ƙwarai, kuma rashin tsayayyar wuta na cikin abin da ya kashe su. Wato rashin wutar ya cinye har wurin da za a horar da masu gyara ta. Wasu ɗaliban sukan samu wanda zai sa musu hannu a littafin halarta su koma gida. Ɗan ƙanwata ya yi sa'a, ya faɗa hannun wani tsohon ma'aikaci a wata tashar rarraba wuta, mai difloma, wanda ranar farko bai tambaye shi makinsa ba. Ya nuna masa yadda ake kashe layi, a kulle makunnin da kwaɗo, a sa mabuɗin a aljihu, a gwada, a haɗa layin da ƙasa, kafin hannu ya kusanci ƙarfe. Ya sa shi ya maimaita har ya gaji.

Aikin da ke jira

Ba a rasa abin yi ba. Jihar Neja kaɗai tana da Kainji, da aka gama a 1968 mai megawat 760, da Shiroro mai 600, da Zungeru mai 700 da ta shigo kwanan nan. Duk da haka abin da ke isa ga mutum fiye da miliyan 200 yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. An canja sunan hukumar wutar daga NEPA ta 1972 zuwa PHCN, an sayar da kamfanonin rarrabawa 11 a 2013, bakin mutane dai bai bar cewa NEPA ba. A Oktoban 2024 Arewa ta ga iyakar raunin layinta. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sai wanda ke tahowa daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya faɗi, jihohi da dama suka kwana fiye da mako cikin duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka zauna. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani irin wannan a Agustan 2023, da aka yanke layin Birnin Kebbi zuwa Yamai bayan juyin mulki. Tambayar da ke ƙarƙashin duka biyun, wato me zai faru in layi ɗaya ya faɗi, darasi ce da ake koyarwa a aji biyar. Amsarta tana cikin littafin ɗalibai. Kuɗi da niyyar gina layi na biyu ne ba sa ciki.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, ga kuma sola da ta bazu kamar wutar daji. A 2019 an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma wata mai megawat 10 a Kumbotso. Amma inda aka fi buƙatar mai lissafi, a ganina, ƙasa da haka ne: rijiyar burtsatse, asibitin ƙauye, shagon kasuwa, taransifomar unguwa da ke ƙonewa duk bazara saboda kowa ya tattara a layi ɗaya cikin layukanta uku, babu wanda ya auna.

Shi kuma sunan Injiniya, a doka ba digiri ke ba da shi ba. Hukumar COREN, da aka kafa a 1970, ita ke yi wa mutum rajista bayan ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki. Rajistarta kuma hawa huɗu ce, injiniya, da masanin fasaha, da ƙwararren ma'aikaci, da mai sana'ar hannu, domin aikin ba ya yiwuwa sai da su duka. Mu ne muka mai da shi tsanin daraja, kowa na son hawan sama, aka raina mai difloma, aka bar sana'ar hannu ga wanda ya kasa makaranta.

Bara Hajiya ta gaji, ta ce a sa mata sola. Mai shago ya ce faranti ɗaya da batir ɗaya sun ishe ta. Ɗan ƙanwata, wanda ya gama yana jiran bautar ƙasa, ya ɗauko bayan kalanda ya zauna a tabarma. Fanka uku, kowace wat 70, awa takwas, 1,680. Ƙwai shida na wat 10, awa biyar, 300. Kusan 2,000 ke nan, in aka ƙara abin da inbata ke ci a tasar wa 2,400. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma irin na dalma in ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba zai yi ƙarko ba, saboda haka biyu ake so. Farantin wat 300 kuwa a sanyin ɗakin gwaji aka auna shi. A kan kwanon Kano da rana tsaka yana zafi ƙarfinsa na raguwa, ga ƙurar hunturu, don haka uku. Sai ya soke duka ya sake: in aka canja fankokin da irin masu cin wat 30, kusan rabin kayan ya isa, kuma kuɗin fankokin bai kai na batir ɗaya ba.

Mai gyaran nan na bakin titi aka kira ya ɗaura. Na same su a kan rufi suna musu. Shi yana cewa wayar da ya saba sawa ta isa, yaron yana cewa a ƙaramin matsi gudun wutar yana da yawa, siririyar waya za ta yi zafi ta cinye abin da farantin ya tara. Mai gyaran ya karɓi bayan kalandar ya juya shi sama da ƙasa, ya ce a sayo mai kaurin. Can kuma na ji yana cewa, "A'a, Injiniya, ba haka ake riƙe ta ba, za ka yanke yatsa. Kawo ka gani." Yaron ya miƙa masa filayar ya ce, "To, Baba, nuna mini."

Hajiya tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗaga murya ta ce in sun gama su duba mata rediyonta, kwana biyu tashar Kaduna ba ta kamawa.